Duwatsun da Muka Kwashe daga Tunga

Ubanmu a tunga ya rasu, a can kuma aka rufe shi. Tungar ba wani gari ba ce, bukkoki ne shida ko bakwai da kakanmu ya kafa a bakin gonarsa, tafiyar rabin sa'a da ƙafa daga garinmu, don ya gaji da kai da kawo da damina. Mutanenmu na Arewa a da ba sa ɗaukar gawa su yi nisa da ita. Inda mutum ya yi noma, nan kusa ake haƙa masa. Kakanmu yana wurin, da matarsa, da ƙannena biyu da ƙyanda ta ɗauke a shekara guda, sai Baba na ƙarshe. Kowane kabari an aza masa jajayen duwatsun tsauni, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, suna jere a gabas da wani babban gawo. Shekara biyu bayan rasuwar Baba muka tattara muka koma cikin gari, bukkokin suka zube, gara ta cinye sauran. Muka ci gaba da noman gonar muna kewaye duwatsun da hauya.

Ni ne ɗan fari, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai wanga" take ce mini, da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi sai ta koma ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, da wata 'yar dariya a ƙasan muryarta da har yau ban san ko yabo ne ko tsiya ba. Ƙanena da ke bi mini shi ya zauna a gida. Yana sayar da siminti da kwano a bakin kasuwa, yana cikin samarin da suka kama karatun Sunna, suka ɗage wando suka saki gemu. Ba zan zalunce shi a takarda ba: shi ke ciyar da Inna, shi ke kai ta likita, ni sai dai in zo hutu da leda a hannu in yi ta ba da umarni.

Rigimar daga Gwaggo ta faro, ƙanwar Baba. 'Yar bori ce tun tana budurwa. Kowace shekara kafin shuka takan ɗauki gumba da nono ta tafi tunga, ta zuba a gindin dutsen kakanmu, wai don doguwa, aljanar gidanmu, ta bar mu lafiya. Ƙanena ya yi mata wa'azi har ya gaji, ita kuwa sai ta saurare shi tsaf, ta sa masa albarka, baɗi ta koma. Wata rana da rani ya same ni a ƙofar gida ya ce:

"Yaya, duwatsun can su ka jan ta. In babu alama, babu inda za ta zuba. Ni dai zan kwashe su in baje wurin, haka addini yac ce."

Na ce masa ya yi abin da ya gani. Ban yi gardama ba ko da kalma ɗaya, kuma ba tsoron Allah ne ya rufe mini baki ba. Kunya ce. Abokan aikina a lakwal sun san wace ce Gwaggo, sukan tambaye ni ko doguwa ce ke gyara mini takardun yara. Na fi son a share abin in huta. Ya tafi da amalanke ya kwaso duwatsun goma, ya zube su a bayan gidana. Da damina ta kama, ruwa ya fara cin gindin katangata, ni da hannuna na jera su na tare ruwan. Sun yi aikin kuwa, katangar tana nan.

Inna ba ta sani ba. Gwiwoyinta sun riga sun hana ta zuwa gona, muka haɗa baki ba wanda zai gaya mata. Gwaggo ta je ta tarar da fili fetal, ta dawo ba ta ce wa kowa komai ba. Sai dai daga ranar ba ta ƙara cin abincin gidanmu ba har ta koma ga Allah.

Shekaru suka ja, gari ya cika ya tumbatsa. Ma'aikata suna zuwa da iyalansu, 'yan kasuwa suna son shaguna, sannan ga mutanen ƙauyukan arewa da masu bindiga suka koro, suna kwana a zaurukan dangi da rumfunan zana. Gida ɗaya sai ka ƙirga magidanta huɗu suna layin makewayi guda. Ba mai hankalin da zai ce ba a bukatar filaye. Sai meri, wato ofishin magajin gari, ta aika mai shela ya kira masu gonakin gabas: za a yi lotisma. Ma'anarta za a karɓi gonaki a yanka su fili-fili da tituna a tsakani, a ba masu gona rabonsu, sauran hukuma ta raba wa masu neman wurin gini.

Muka je ni da ƙanena. Sakataren meri yana zaune da takarda mai layi-layi, yana tambayar kowa abin da ke cikin gonarsa. Da ya ga ni mushe ne sai ya juya harshe zuwa Faransanci, ni kuma na gyara zama, don ina son manoman da ke bayana su ji. Akwai rijiya? Babu. Akwai gini? Babu. Ya ce, "Cimetière?" Wannan kalmar na sha koya wa yara ita, da hotonta a littafi: katanga, ƙofar ƙarfe, kaburbura jere bila adadin. Kabari biyar a gefen gona bai yi mini kama da hoton ba. Da da Hausa ya tambaye ni ko akwai wanda ke kwance a wurin, da bakina bai iya cewa babu ba. Amma da Faransanci ya tambaya, da Faransanci na ce a'a, ya ja ɗan layi a gurbin, muka wuce tambaya ta gaba.

Sannan aka ce mu zaɓi ɓangaren da muke son rabonmu ya faɗa. Ƙanena ya ce bakin babbar hanya, inda shago zai yi ciniki. Na ce madalla. Tunga tana can ƙuryar gona, nesa da hanya. A raina na ɗauka kowa a garin nan ya san wurin, ba wanda zai taɓa shi. Na sa hannu, shi ma ya sa, na koma Dogon Dutsi ina jin na yi wa gidanmu wayo.

Da na dawo hutun ƙarshen shekara na taka zuwa gonar, ban gane ta ba. Katafila ta bi ta buɗe tituna, ta tumɓuke gawon, masu itace sun kwashe shi har saiwa. Layin gamba da ya raba mu da maƙwabta ya tafi, surin da muke hutawa a gefensa ya tafi. Ko'ina sai ƙananan turakun siminti da suke kira borni, kowane da lamba da jan fenti. Na tsaya a inda nake zaton tunga ce, na ga borni huɗu sun kewaye ni. Baba ya zama fili mai lamba, wani zai zo ya yi gini a kansa.

Daga ranar na shiga neman wanda ke da ikon cire wurin daga taswira. Ina tsammanin abu ne na kwana biyu. Sakataren meri ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya ce:

"Mushe, mu ba mu ka yanka gari ba. Majalisa ta ka yanke shawara, mu rubutu kawai muka yi."

Na nemi majalisa. Aka ce ai an rushe majalisun gaba ɗaya, wanda ke kan kujerar magajin gari yanzu naɗo shi aka yi, lotismar kuma ta girme shi a ofis. Na same shi duk da haka. Mutum ne mai natsuwa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin ya taɓa shi, amma taswirar da aka riga aka buga wa hatimi a sama ba shi da hannun da zai goge ko ɗigo a cikinta. Na bi tsohon konseyenmu, wanda muka zaɓa ya wakilce mu, na tarar da shi yana ba tumakinsa harawa. Ya ce:

"Wallahi takarda anka shimfiɗa muna bisa tebur, ɗaki-ɗaki awa dara. Anka ce wa ya yarda, munka ɗaga hannu. Ni ina ni ka ganin kushewa cikin dara?"

Ya ce in ga mai awon filaye. Mai awon ba ma ɗan hukuma ba ne, haya aka ɗauko shi daga nesa da na'urarsa mai ƙafa uku. Da ƙyar na samu lambarsa. Ya yi mini magana a waya cikin ladabi, ya ce shi abin da ido ya gani yake zanawa. Da ya tarar da dutse ko tudun ƙasa, da ya kewaye wurin ya rubuta makabarta, ba wanda zai hana shi, ya sha yin haka a garuruwa. Ya tambaye ni, "Akwai alama a wurin?" Na yi masa godiya na kashe wayar.

Mai gari ya ce shi shaidar da aka nema a wurinsa ita ce gonar tamu ce, ya kuma bayar. Ya san da kaburburan mana, shi ma ya yi wa Baba salla. "Amma ku ɗiyanshi kuna zamne gabana ba ku hwaɗi ba, ni in tsallake ku in hwaɗi?" A ofishin tsara birane na babban gari na yi sawu uku. Na farko mai ofishin ya tafi taro, na biyu babu wuta, na uku wani saurayi mai kirki ya jawo dosiyen garinmu, wato kundin takardunsa, daga ƙasan tuli, ya kaɗe shi, ya buɗe. Ya ce su duba ƙa'ida kawai suke yi, faɗin titi da wurin lakwal da na masallaci, filin kuwa na gunduma ne, can meri zan koma. Kafin ya rufe ya juyo mini da wata takarda. Ga layin da sakatare ya ja, ga sa hannuna a ƙasa, da ƙatuwar lanƙwasar nan da nake yi don a san na yi karatu.

Wata biyar ina wannan yawo, ina zagin hukuma a duk inda na zauna shan shayi. Kuma ba ƙarya nake musu ba. Gari guda an yanka shi, amma ka rasa mutum ɗaya da zai ce ni na yanka, kowa ya riƙe gefe ɗaya na wuƙar ya ce ba shi ne mai kaifin ba. Sai dai duk ofishin da na shiga, in an bi zaren a hankali, a ƙofar gidanmu yake ƙarewa. Na tsani wannan, na tsani kaina, na kuma huce a kan ƙanena. Na ce masa shi ya tone mana asiri da amalankensa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce:

"Na kwashe duwatsu, Yaya, ban musu ba, kuma har gobe ina ganin daidai na yi. Amma ba ni nac ce ma sakatare babu kowa ba."

Muka yi wata biyu ba ma gaisawa sai a gaban Inna.

Kafin in gama yawon ofis, filin ya riga ya sami mai shi. Wani magidanci ne daga ƙauyukan wajen Dogon Kiriya, wanda masu bindiga suka kwashe wa shanu suka ce kada su dawo su tarar da kowa. Ya sayar da abin da ya tsira da shi ya sami wurin a hannun wanda aka fara ba. Ranar da na je na tarar ya tara tubalin laka, ya ja igiya, matarsa da 'ya'yansa suna zaune a inuwar zana. Na tafi da shirin faɗa, na ga ba wanda zan yi da shi. Na gaya masa abin da ke ƙarƙashin filinsa. Ya ajiye cebur, ya yi salati a hankali, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce:

"Malam, ni ba ni da inda za ni, wanga shi na iyakata. Amma ba ni kwana bisa uban wani ina sane. Gwada min wurin, in bar ma shi."

Abin da na yi wata biyar ina roƙo a ofisoshi, ga shi wanda ba shi da komai ya miƙo mini a tsaye. Sai na shiga filin ina neman Baba. Da hannuna na sa shi a ƙasa, ina tuna zafin ranar, ina tuna wanda ya miƙo mini tukwanen da aka rufe ramin da su. Amma duk abin da na sani, daga gawo nake aunawa, gawo kuwa babu. Na taka gabas, na dawo, na dubi tsauni, na dubi borni. Ƙasar duk iri ɗaya ce, katafila ta shafe ta kamar an share tsakar gida. Liman ya riga ya gaya mini in an ga ƙashi a kwashe a kai makabartar gari, amma ba zan ce wa bawan Allah ya bari in tone filinsa kaf ba, damina tana tafe, 'ya'yansa suna rana.

Yana biye da ni, yana jira. Na ji kunyar in ce ɗan fari bai san inda ubansa yake ba. Akwai wata kusurwa ta kudu da ƙasarta ta ɗan fi duhu, na ce a raina ƙasar da aka taɓa tonawa ke nan. Na nuna da yatsa, na ce nan ne, da murya irin wadda nake ba yara amsa da ita a aji. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya matsar da igiyarsa, ɗakinsa ya ragu, ya ɗebi tubali daga na gininsa ya ja 'yar gajeruwar katanga ya kewaye kusurwar. Ƙanena da ya ji, ya aika masa da buhun siminti ya shafe ta, bai ce kome game da alama ba. Muka koma gaisawa.

Inna a gidan suna ta ji labari. Mata suna hirar sabuwar unguwa, wata ta ce ai har tungar su wane an gine. Da na zo hutu ta sa aka kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba. Na zayyana mata yadda na sha wahala da hukuma, yadda na tsaya tsayin daka har aka ware wurin Baba aka kewaye. Maganar duwatsu da maganar sakatare na tsallake su. Ta ce:

"To, Mushe. Kai ni in gani."

Da safe na nemi amalanken maƙwabci, muka shimfiɗa mata tabarma da matashi. Rabonta da wurin ya fi shekara goma sha biyar. Tana tafe tana kallon gidajen da suka tsiro a inda ta yi noma. Mai gidan ya fita, matarsa ce ta tarbe mu, ta bar wanke-wanken da take yi a gindin randa ta goge hannu ta kawo ruwa. Na riƙe Inna muka taka har kusurwar. An share ta tsaf, ko tsinke babu. Inna ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi tsauni, ta juya ta dubi wajen tsohuwar rijiyar makiyaya da ake hangowa daga nan, ta sake duban tsauni. Sannan ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa. Ta yi wa matar godiya mai tsawo, ta sa wa 'ya'yanta albarka ɗaya bayan ɗaya. Da za mu fita na ga ta yi wani dogon zagaye ta bin jikin katanga, maimakon ta ratsa tsakar gida, na ɗauka santsin ruwan wanke-wanke take gudu.

Sai da muka bar unguwar, amalanke yana gangarawa, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Wurin ga da kunka kewaye, turken jakinmu na. Shi ya sa ƙasar tai baƙi."

Ta gyara mayafinta ta ci gaba:

"Ubanku shina inda yarinyar can ta ka wanke-wanke, gindin randa. Ƙannenka na dama gare shi."

Na ce wa mai amalanke ya tsaya. Na ce zan koma yanzu in gaya musu, a matsar da randar, a sake katanga, ko me za a yi a yi. Ta kama mini hannun riga, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ba ka komawa. Mutanen ga an tashe su sau guda, sun ba ka abin da ka roƙa, ba ka ƙara tashinsu. Da ka tambaye ni tun hwarko, da na gwada ma. Wuce mu tahi."

Muka tafi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu bara, aka kai ta makabartar gari. Ƙanena bai sani ba, mai gidan bai sani ba. Duk sanda na bi ta unguwar yakan fito da murna ya ja ni in ga kusurwar, matarsa tana share ta kowace Juma'a. Nakan tsaya in yi addu'a a wurin, ina jin ƙarar kwanoni a bayana.